BABI NA UKU: TSOFAFFIN KUƊAƊEN ƘARFE A MATSAYIN MADOGARAR TARIHIN KASUWANCIN ILLELA

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi nazarin tsofaffin kuɗaɗen da aka yi hulɗa da su a Illela da kewayenta, tare da bayyana hanyoyin da ake bi a tantance su. Manufar ita ce a nuna cewa kuɗin ƙarfe madogara ce ta tarihi kamar yadda rubutattun takardu da zantukan baka suke, sai dai tana da sharuɗɗan da idan ba a kiyaye su ba za ta kai mai bincike ga kuskure. Za a fara da matsayin Illela na garin bakin iyaka, sannan a kawo misalin kuɗin tagulla na Rumawa, domin a kansu ne aka gina yawancin ƙa'idojin wannan fanni. Daga nan za a bi wuri da liyari, da kuɗin Ingilishi da na Faransa. A ƙarshe za a kawo matakan tantancewa da matsalolin adanawa.

3.1 Illela a Matsayin Garin Bakin Iyaka

Illela tana arewa da birnin Sakkwato, tana fuskantar Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar. Kafin zuwan Turawa babu wani layi da ya raba waɗannan wurare biyu. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta zana wani rabin da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wanda ya sanya Ƙonni a rabon Ingila. Faransawa suka koka cewa ba a bar musu hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba. Saboda haka aka sake zama a 1904 da 1906, aka janyo layin zuwa kudu, Ƙonni ta koma hannun Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 ne tawagar Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho ta bi ƙasa tana kafa alamomin iyakar.

Sakamakon wannan rabo shi ne, mutanen da suke harshe ɗaya da addini ɗaya, masu auratayya da juna, suka wayi gari ana karɓar haraji daga gare su da kuɗi iri biyu. Wannan ne ya sa tarkacen kuɗin da ake samu a irin wannan yanki ya bambanta da na garuruwan da suke can cikin ƙasa, domin a nan kuɗin dauloli biyu suka cakuɗu a aljihu ɗaya.

3.2 Misalin Kuɗin Tagulla na Rumawa

Daular Rum ba ta taɓa mulkin ƙasar Hausa ba. Sansanonin sojanta na kudu, irin su Gadamas da Bu Nijem a ƙasar Libiya ta yau, sun tsaya ne a gefen arewa na Sahara. Duk da haka akwai dalilai biyu da suka sa ya dace a kawo kuɗinta a wannan nazari.

Dalili na farko shi ne hanyar tantancewa. Wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki Agustus ya tsara ƙananan kuɗin daular. Akwai sastarshiyus da dufondiyus waɗanda ake yi da farar tagulla, akwai kuma as wanda ake yi da jan ƙarfe. As 4 ne suke yin sastarshiyus 1, as 16 kuma su yi dinariyus 1 na azurfa. Rumawa ba sa rubuta shekara da lamba a jikin kuɗinsu. Mai nazari yakan gano lokacin ne daga sunan sarki da muƙamansa. Alal misali, haruffan TR P da COS tare da lambar da ke biye da su suna nuna karo na nawa ne sarkin yake riƙe da wannan muƙami, daga nan sai a lissafa shekarar. Haruffan SC da ke bayan kuɗin tagulla suna nufin an buga shi da izinin majalisar dattawa. Tun daga zamanin sarki Niro, kambi mai tsinaye kamar hasken rana a kan sarki shi ne yake bambanta dufondiyus da as, domin girmansu kusan ɗaya ne. Bayan gyaran da sarki Diyokilishiyan ya yi a 294 Miladiyya, wanda ya fito da kuɗin da aka fi sani da folis, sai aka riƙa sa alamar garin da aka buga kuɗin a ƙasan bayansa. Waɗannan abubuwa huɗu, wato ƙarfe da nauyi da rubutu da alamar maƙera, su ne har yau ake dubawa a kowane irin kuɗi.

Dalili na biyu shi ne sunaye. Kalmar Larabci dinar ta samo asali daga dinariyus, dirhami daga darakma ta Girkawa, fulus kuma daga folis. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya fitar da dinarin Musulunci mai rubutu zalla a shekara ta 77 Hijiriyya. Ta hanyar littattafan fiƙihu waɗannan sunaye suka iso ƙasar Hausa, inda almajiri yake karanta cewa nisabin zakka dinari 20 ne ko dirhami 200, mafi ƙarancin sadaki kuma a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Ke nan sunan kuɗin Rum ya shigo ƙasar Hausa ta bakin malamai, ba ta hannun Rumawa ba.

An samu ɓurɓushin kuɗin Rum a cikin Sahara. A kabarin Tin Hinan da ke Abalessa a kudancin Aljeriya, wanda aka tona a 1925, an samu wani ɗan faifan zinariya mai ɗauke da tambarin kuɗin sarki Kustantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337. Wannan wuri yana da nisan kimanin kilomita 1,000 arewa da Illela. Ƙimar wannan abu ta zo ne daga cewa an same shi a cikin kabari tare da wasu kayayyaki. Kuɗin da aka gani a faifan ɗan koli kuwa ba ya tabbatar da komai game da zamanin da, domin yana iya zuwa a jakar alhaji, ko aljihun tsohon soja, ko kayan fatake, ɗaruruwan shekaru bayan an buga shi. Wannan ƙa'ida ce da za ta maimaitu a sassan da ke tafe.

3.3 Wuri da Liyari Kafin Zuwan Turawa

Daular Sakkwato ba ta buga kuɗin ƙarfe nata na kanta ba. Kuɗin yau da kullum shi ne wuri, wanda jam'insa ne ya ba mu kalmar kuɗi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Iri biyu ne aka yi amfani da su. Ƙarami mai haske yana fitowa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya. Babba, mai zobe ruwan ɗorawa a bayansa, daga gaɓar gabashin Afirka yake, kuma 'yan kasuwar Jamus ne suka riƙa jigilarsa da jiragen ruwa daga Zanzibar tun daga tsakiyar ƙarni na 19. Yawan shigo da wannan na biyu shi ne ya karya darajar wuri. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne suke yin liyari 1, amma kafin ƙarshen ƙarnin farashin ya kai kusan ninki biyu. Ana ƙirga wuri da hauya, wato 20, da zambar, wato 1,000, da keso, wato 20,000. Nauyinsa ya sa fatake masu dogon zango suka fi son riƙe dukiyarsu a cikin tufafi da gishiri da dabbobi da azurfa.

Azurfar da ta fi shahara ita ce liyari mai hoton sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa azurfa ce. A bayansa akwai mikiya mai kai biyu, wadda ta sa Larabawa suke yi masa laƙabi da uban tsuntsu. Ya shigo ta hanyar Tarabulus da Borno da Agadas. Babban abin lura a nan shi ne shekarar 1780 da ke jikinsa. A wannan shekara ce sarauniyar ta rasu, kuma saboda 'yan kasuwa ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji. An buga shi a Biyana, an kuma buga shi a Rum da Landan da Faris da Bombay a ƙarni na 20. Saboda haka wanda ya ga 1780 a jikin liyarin kakarsa ya ce ya shekara fiye da 200 a gidansu, bai kafa hujja ba.

3.4 Kuɗin Ingilishi da Sunayensu na Hausa

Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, gwamnatin mulkin mallaka ta hana shigo da wuri da liyari, ta kuma matsa a riƙa biyan haraji da kuɗinta. Matsalar da ta fuskanta ita ce sulen Ingila ya yi wa cinikin kasuwar ƙauye girma, domin mai sayen daddawa ko gishirin miya da wuri kaɗan yake ciniki. Wannan ne ya sa aka fito da anini da kwabo masu huda a tsakiya a 1907. Anini 10 ne suke yin kwabo 1. Aninin farko na goran ruwa ne, wato alminiyam, amma da aka ga yana saurin lalacewa sai aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel a 1908. Waɗannan kuɗaɗe ba su da hoton sarki. A fuska akwai kambi da sunan sarki da darajar kuɗin cikin Turanci da Larabci, a baya kuma akwai tauraro mai tsini shida. Hudar ta ba da damar a zura su a igiya kamar yadda wasu al'ummu suke yi wa wuri.

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Daga wannan shekara aka cire sunan Nijeriya daga jikin kuɗin, saboda haka duk anini ko kwabon da ke ɗauke da sunan Nijeriya tare da na Afirka ta Yamma, na tsakanin 1907 da 1911 ne. A 1913 hukumar ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, sule yana ɗauke da hoton bishiyar kwakwar manja. Tsadar azurfa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta sa aka koma farar tagulla a 1920. A 1938 aka sake gaurayen ƙarfen, aka kuma yi wa sule da fataka kwarmi a gefe domin maganin masu buga na jabu. A 1952 kwabo da ɗari da anini suka koma tagulla mai ja.

Akwai wasu alamomi da suke taimaka wa mai tantancewa. Kuɗi masu huda na 1936 suna ɗauke da sunan sarki Edward na 8, wanda ya sauka daga sarauta a watan Disamba na wannan shekara. Haka kuma laƙabin sarkin Indiya ya ɓace daga rubutun bayan Indiya ta sami 'yanci a 1947. Ƙaramin harafin H yana nufin an buga kuɗin a masana'antar Heaton da ke Birmingham, KN kuma masana'antar Kings Norton.

Harshen Hausa ya adana wannan tarihi. Sule da sisi da fam an aro su daga Turanci. Ana kiran rabin kwabo ɗari, kuma ana danganta wannan da cewa wuri 100 ne canjinsa a lokacin da kuɗin biyu suke tafiya tare. Har yau ana cewa wane ba shi da ko anini, ko a ce ba a ba shi ko sisin kwabo ba, alhali yawancin masu faɗar haka ba su taɓa kashe waɗannan kuɗaɗe ba. Ana kuma kiran tauraron kafaɗar hafsan soja anini. Idan kuɗi suka yi yawa sai a ce wuri na gugar wuri.

Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa a 1959, da hoton sarauniyar Ingila a fuskar waɗanda ba su da huda, da amfanin gona a baya: auduga a taro, koko a sisi, kwakwar manja a sule, gyaɗa a fataka. Yawancinsu 1959 suke ɗauke da ita ko da an buga su daga baya, wato irin matsalar liyari ta sake dawowa. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo, fam 1 ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, sisi kwabo 5.

3.5 Kuɗin Faransa a Kasuwannin Iyaka

A ɓangaren Ƙonni, wadda rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone a 1899, Faransawa sun shigo da azurfarsu ta faran 5 mai nauyin giram 25. Saboda ta yi kusa da liyari a girma, mutane suka karɓe ta, kuma ita ce ake kira dala. Faran 1 kuma shi ne tamma. Wannan ne tushen lissafin da ake yi a Nijar har yau, inda ake ƙirga kuɗi da biyar biyar: dala 20 ita ce sefa 100, jikka kuma sefa 1,000 ce, wato dala 200. A ɓangaren Nijeriya kuwa jaka fam 100 ce, wadda ta koma naira 200. Mai bincike da ya ji tsoho ya ce an sayi sa dala kaza ko jaka kaza, wajibi ne ya tambayi a wace kasuwa aka yi cinikin da kuma wane zamani, in ba haka ba lissafinsa zai ɓaci.

An ƙirƙiro kuɗin sefa a watan Disamba na 1945. Sulallan alminiyam na 1948 suna ɗauke da kan barewa, kuma wannan hoto ya ci gaba a kan ƙananan sulallan da aka yi bayan samun 'yanci, waɗanda suke da tambarin kifi irin na ma'aunin zinariyar Akan a ɗaya fuskar. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, daga sefa 50 zuwa sefa 100 a kan faran 1 na Faransa. Irin wannan sauyi, da kuma rufe iyaka kamar wanda aka yi daga 1984 zuwa 1986 da na 2019 zuwa 2020, yakan sa wani kuɗi ya maƙale a hannun mutane a ɗaya gefen, har ya zama ba shi da amfani sai ajiya.

3.6 Matakan Tantancewa

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya tsara matakai shida ga mai son tantance tsohon kuɗi a wannan yanki.

Na farko, a rubuta inda aka same shi da yadda aka same shi, ko a ƙasa ne wajen haƙar gini, ko a tukunya, ko a kayan gado, ko a kasuwa, da kuma abin da aka same shi tare da shi.

Na biyu, a auna nauyi da faɗi. Liyarin da ya gaza giram 28 da yawa, ko dalar da ta gaza giram 25 da yawa, ko dai ta goge ƙwarai ko kuma jabu ce.

Na uku, a duba ƙarfen. Azurfa takan yi baƙi idan ta daɗe, tagulla kuma takan yi kore ko ruwan ƙasa.

Na huɗu, a karanta rubutun daga farko zuwa ƙarshe, har da ƙananan haruffan maƙera, a kuma duba gefen kuɗin. Wanda aka zuba a kwarmi yakan nuna layin haɗi a gefe da ƙananan ramuka a fuska, saɓanin wanda aka buga.

Na biyar, a bambanta hudar asali da hudar ado. Ta anini da kwabo tana tsakiya, a daidaice. Wadda aka yi domin rataya a wuya ko a kitso tana kusa da baki.

Na shida, a ɗauki shekarar da ke jiki a matsayin iyakar farko kawai. Idan an sami tarin kuɗi a tukunya, mafi sabunta a cikinsu shi ne yake nuna cewa ba a binne tukunyar kafin shekararsa ba.

3.7 Matsalolin Adanawa

Babbar hanyar da tsofaffin kuɗin azurfa suka salwanta ita ce wutar maƙeran fari, waɗanda suka daɗe suna narka liyari da dala da sulen azurfa domin yin mundaye da zobba da warwaro. Waɗanda suka tsira yawanci su ne aka mayar kayan ado na mata, musamman Fulani da Buzaye. Hanya ta biyu ita ce masu sayen kayan da, waɗanda suke raba tarin da aka samu wuri ɗaya su sayar ɗai ɗai, ta haka labarin inda aka same shi yake ɓacewa. Ta uku ita ce gogewa da toka ko yashi ko lemun tsami domin kuɗin ya yi ƙyalli, abin da yake cinye rubutun da ake buƙata. Ruwa da ɗan sabulu da busarwa sun wadatar.

Dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba. Sai dai a garin da ake tsallaka iyaka da ƙafa, abin da ya shiga aljihu da wuya doka ta gan shi. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne cibiyoyi irin su Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da sassan Tarihi da na Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su riƙa ɗaukar hoto da nauyi da bayanin abin da ke hannun iyalai, ba tare da an karɓe musu kayansu ba.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa cikin ƙasa da shekara 100 mutanen Illela da Ƙonni sun yi hulɗa da wuri da liyari da sule da dala da sefa da naira, kuma kowane sauyi ya biyo bayan sauyin mulki ne ko na hanyar fatauci. An kuma ga cewa ƙa'idojin da aka gina a kan kuɗin tagulla na Rumawa suna aiki a kan anini da kwabo, kuma shekarar da ke jikin kuɗi ba koyaushe take nuna lokacin da aka buga shi ba, kamar yadda liyarin 1780 da sulallan 1959 suka tabbatar. Har wa yau, sunayen kuɗi da suka rage a bakin jama'a sun zama shaida ta biyu da ake gwada ta ƙarfe da ita. Babi na gaba zai duba sana'ar canjin kuɗi a tsakanin kasuwar Illela da ta Ƙonni.